Gansakuka Ta Mamaye Tankin Kifin Teku? Dakata Kafin Ki Ɗauko Buroshi

Duk uwargidan da ta taɓa barin bokiti ko tankin ruwa a rana na 'yan makonni ta san gansakuka, koren abin nan mai santsi da ke manne wa jikin roba. A randa maganinta ba wuya: a zubar da ruwan, a sa soso a goge, a sake cikawa. Sai dai akwai ruwan da ba a zubarwa haka kawai, wato na tankin gilashi da ake kiwon kifin teku da murjani mai rai a cikinsa. Irin tankin nan ne da yara ke gani a YouTube su hana gida sakat, tun lokacin da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa ɗan kifin nan ruwan lemu mai ratsin fari ya shiga zuciyar yaran duniya.

Wannan kiwo ya fi ƙarfi a Turai da Amurka da Japan da manyan biranen Larabawa, inda shagunan kayansa suke a kusa kuma wuta ba ta ɗaukewa. Amma 'yan'uwanmu mazauna Jidda, Dubai ko Landan suna cin karo da shi, kuma ya fara shiga wasu faluka a Legas da Abuja. Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Maigida ya saya, yara sun yi ta murna, bayan wata biyu ko uku gilashi ya yi duhu, duwatsu sun fito da koren gashi, kowa ya janye jiki. Aikin ya dawo kan uwa. Ita kuwa abin da ta saba yi da datti shi ne ta dirje shi, kuma a nan ne ake yin asarar kuɗi, wani lokaci ma har a kwana a asibiti.

Abin da ya sa ba a kashe ta da magani

Murjanin da muka sani a wuyan amare ƙashi ne. Mai ran da ke cikin tanki dabba ce, tarin ƙananan halittu masu baki da 'yan yatsu, kuma a cikin naman jikinsu akwai wata irin gansakuka mitsitsiya da ido ba ya gani. Ita ce ke karɓar haske ta sarrafa abinci ta ciyar da murjanin, ita ce kuma ke ba shi yawancin launinsa. Idan ta fice, murjanin ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa.

Kin ga inda matsalar take. Fitilar mai ƙarfi da aka rataya don murjani ita ce ke raya gansakukar da ba a so. Ba a iya kashe fitilar gaba ɗaya, ba a kuma iya zuba guba mai kashe gansakuka kowace iri, domin har da wadda ake so za ta tafi. Idan kuma aka ƙyale ta, takan rufe murjanin ta tare masa haske, ta yi ta gogar namansa har ya zagwanye.

Ban da haske, abu biyu take nema: naitret da fosfet. Sinadaran nan su ne harafin N da P da ke jikin buhun takin zamani na NPK. Ruwan da murjani ke rayuwa a cikinsa a teku ba shi da su sai kaɗan ƙwarai, shi ya sa yake garai-garai. A tanki kuwa, duk ƙwayar abincin da aka jefa, ko kifi ya ci ko bai ci ba, taki ce za ta zama, kuma ba ta da hanyar fita sai in an fitar da ita. Gansakukar da kike gani alama ce cewa abin da ke shiga ya fi abin da ke fita.

Teku ma ya nuna wannan a fili. A gaɓar Kaneohe da ke tsibirin Oahu na Hawaii, an shafe shekaru ana kwarara ruwan masai na gari a cikin gaɓar, har wata koriyar gansakuka mai kama da kumfa ta lulluɓe murjani. A 1977 da 1978 aka karkatar da bututun zuwa can cikin teku. Ba a zuba wani magani ba. Cikin 'yan shekaru ruwan ya washe, gansakukar ta ja da baya, murjani ya fara farfaɗowa.

A Jamaika kuma ta wani gefen abin ya ɓullo. Masunta sun riga sun kwashe yawancin kifaye masu cin ciyawar ruwa, aikin kiwo ya rage a kan wata baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi. A 1983 zuwa 1984 annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar nan a faɗin tekun Karibiyan. Masanin murjani Terry Hughes ya wallafa a 1994 cewa murjanin da ya rufe fiye da rabin duwatsun gaɓar Jamaika a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100, gansakuka kuma ta tashi daga kashi 4 zuwa 92. Guguwa ma ta taimaka wajen ɓarnar, amma rashin masu kiwo ne ya hana murjanin dawowa.

Tankin falonki ƙaramin misalin waɗannan wurare biyu ne. Ko dai taki ya yi yawa, ko masu cin ciyawar sun yi kaɗan, galibi ma duka biyun.

Wace iri ce taki?

Kafin ki taɓa komai, ki duba da kyau, domin ba duka ake yi wa abu ɗaya ba. Idan tankin sabo ne, makonni kaɗan da haɗawa, kuma kika ga ƙura ruwan ƙasa ta kwanta a kan yashi da gilashi, wannan mai sauƙi ce. Halittu ne da ke gina ɓawonsu da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi da gilashi. Idan silikar da ke narke a ruwan ta ƙare sukan tafi da kansu, muddin ruwan da kike ƙarawa bai kawo sabuwa ba.

Mai kama da koren gashi ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi kashe wa mutane gwiwa. Akwai 'yar'uwarta mai suna Bryopsis, wadda in kin matso za ki ga kowane sili yana da rassa kamar gashin tsuntsu. Ta fi taurin kai, domin tana kafa saiwa cikin ramukan dutse kuma yawancin dabbobi ba sa cin ta. Sai mai kama da ƙananan ƙwallaye kore masu ƙyalli, wadda ake murɗowa a hankali a cire ta ɗungurungum.

Jan abin nan mai yauƙi da ke shimfiɗuwa a kan yashi kamar mayafi, ya riƙe ƙwayoyin iska a ƙarƙashinsa, a gaskiya ƙwayoyin cuta ne dangin bakteriya, ko da yake da haske suke rayuwa. Sun fi son lungun da ruwa ba ya motsi, inda datti ke taruwa. Sau da yawa juya bakin famfo zuwa wurin, da zuƙe mayafin da tiyo, yana yin rabin aikin.

Akwai kuma wadda ba a taɓawa: ɓawon nan mai tauri ruwan hoda ko shunayya da ke yaɗuwa a jikin dutse. Alamar lafiya ce, kuma inda ta kama, koren gashi yana shan wahalar samun wurin zama.

Ruwan da kike zubawa

A ganina nan ne gidajenmu suka fi faɗawa. Ruwan famfo, na rijiya da na burtsatse duk suna iya zama lafiyayyu ga ɗan Adam amma su zama taki ga tanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da naitret har miligiram 50 a kowace lita a ruwan sha. Masu kiwon murjani kuwa galibi suna neman ya tsaya tsakanin 2 zuwa 10, fosfet kuma tsakanin 0.03 zuwa 0.1. Ke nan ruwan da kike ba jaririnki hankali kwance yana iya ninka abin da tankin zai ɗauka sau biyar. Ruwan leda da na gora ba su tsira ba, don sha aka yi su. Tafasawa ma ba ta cire waɗannan sinadarai, sai dai ta ƙara tattara su.

Abin da ake amfani da shi shi ne ruwan da ya bi ta na'urar tacewa mai suna RO/DI, wadda ke fitar da ruwa wayam. Akwai ɗan ma'auni mai kama da alƙalami da ake tsomawa, ya kamata ya nuna sifili. Da wannan ruwan ake dama gishirin tanki na musamman, kusan giram 35 a kowace lita, ba gishirin miya ba. Ki kuma tuna cewa idan ruwa ya ƙafe saboda zafi, ruwan ne kawai ya tashi, gishirin yana nan. Don haka cikon yau da kullum da tsaftataccen ruwa marar gishiri ake yi. Mai gishiri sai ranar canji, inda ake ɗebe kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan tankin kowane mako a maye gurbinsa.

Ga mazauna yankinmu akwai ƙarin baƙo, wato ƙurar hunturu. Kaso mai yawa nata yana tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda a da can wani katafaren tafki ya kwanta, kuma ƙasar wurin cike take da ɓawon irin halittun nan masu silika da na ambata. Ƙurar tana ɗauke da sinadarin fosfarus da ƙarfe, har iska kan tsallaka da ita Tekun Atalantika ta zame wa dajin Amazon taki. Abin da ke ciyar da daji ba zai rasa ciyar da gansakuka ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ki rufe tagar da ke kusa da tankin, ki riƙa wanke audugar matata sau biyu ko uku a mako.

Hannun da ke ba da abinci

A gidan da ke da yara huɗu, kifi yakan ci sau takwas a rana ba tare da kowa ya sani ba. Kowane yaro in ya wuce sai ya barbaɗa, baƙi in sun zo sai a nuna musu yadda kifin ke rububi. Kifi kuwa ba ya cewa ya ƙoshi.

Dabarar da na fi yarda da ita aro ce daga ɗakin jinya. Ki samu akwatin nan mai gida bakwai da ake jera wa tsofaffi maganin mako, ki auna abincin kowace rana ki zuba a gidansa, ki ɓoye babbar robar inda hannu ba ya kai. Rabon kowace ciyarwa shi ne abin da kifin zai cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu ba tare da ya sauka ƙasa ba. Ki ba yaro ɗaya ranarsa. In gidan ranar ya zama wayam, an gama sai gobe. Ki yi wa akwatin alama babba, kada ya haɗu da na maganin Kaka. Idan abincin daskararre ne, ki narkar da shi a ɗan kofi ki tace ruwan kafin ki zuba.

Yawan kifin ma lissafi ne. Tankin da ya cika da kifi ba zai rabu da gansakuka ba ko da wane irin inji aka saya masa.

Akwai tarko guda a wajen gwaji. Za ki sayi kayan auna naitret da fosfet, ki gwada, su nuna sifili alhali duwatsu sun yi kore shar. Gwajin bai yi ƙarya ba, gansakukar ce ke shanye takin da zarar ya fito. Shi ya sa cire ta da hannu a fitar da ita waje yake da amfani biyu: kin rage ta, kin kuma fitar da takin da ta tara a jikinta. Amma kada ki ɗauki sifili a matsayin buri. Idan aka matsa da garin ƙarfen nan mai tsotse fosfet har ruwa ya zama ba komai a ciki, murjani yakan kode, sannan wata halitta mai yauƙi ruwan ƙasa, kamar majina mai ƙwayoyin iska, takan samu fili. Wasu nau'o'inta suna da dafin da ke kashe dodon koɗi, kuma korarta ta fi ta koren gashi wuya nesa ba kusa ba.

Fitila awa takwas zuwa tara ta isa, a sa mata agogon da ke kunnawa ya kashe da kansa. Tankin kada ya zauna inda rana ke dukansa. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26, abin da a watan Afrilu a Kano ko Yamai ba ya samuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki ko ta sanyaya ruwa. In wuta ta ɗauke na sa'o'i, famfo ya tsaya, iskar shaƙa ta ragu, abin da ya mutu a lungun dutse ya ruɓe, bayan mako biyu ki ga sabon kore ya taso. Gidan da ba shi da inbata ko sola mai riƙe famfo cikin dare, ni dai ba zan ba shi shawarar murjani ba. Tankin kifin ruwan daɗi ya fi haƙuri, yara kuma za su ji daɗinsa daidai gwargwado.

Masu kiwo sukan biyo baya. Dodon koɗin teku iri-iri, ƙananan ƙaguwa masu zama a ɓawo, da ƙaramar bushiyar teku suna aiki sosai, amma ba sa iya cin gashin da ya riga ya yi tsawo. Sai kin tsige shi ya zama gajere tukuna. Haka aka yi a Kaneohe lokacin da wasu baƙin ciyayin ruwa suka sake mamaye gaɓar daga baya: masu ninƙaya suka zuƙe su da babban tiyo, sannan daga 2011 aka riƙa sakin bushiyoyin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo don su hana su tsirowa. Ki fara da kaɗan, domin in kin zuba da yawa suka cinye komai, yunwa za ta kashe su su koma taki. Shuɗin kifin nan abokin Nemo da danginsa suna cin ciyawa, amma suna girma kuma suna bukatar tanki mai ɗaukar lita ɗaruruwa.

Inda abin ya shafi lafiyar gida

Wannan sashen ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wasu dangin murjani masu laushi, kamar ƙananan furanni ko maɓallan riga da ke tsirowa a jere a jikin dutse, ana kiransu Palythoa da Zoanthus. Masu fara kiwo suna son su saboda arha da kyau, wani lokaci ma sukan zo a maƙale a dutse ba tare da an saya ba. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da dafi mai suna palitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani a halitta. A cikin ruwa, ba a taɓa su ba, ba sa cutar da kowa. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka ciro dutsen aka dirje shi, aka zuba masa ruwan zafi ko aka tafasa shi don kashe gansakuka. Dafin sai ya bi tururi da feshi ya cika ɗaki.

A 2018, a yankin Oxfordshire na Ingila, an kai mutum goma asibiti bayan an kankare dutsen tanki a wajen ruwa a wani gida, cikinsu har da ma'aikatan kashe gobara da suka je ɗauki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma ta fitar da rahoto a 2015 kan irin wannan a jihar Alaska. Alamomin sun haɗa da ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, zazzaɓi, tari, ƙuncin numfashi, ciwon jiki da jan ido, galibi cikin sa'o'i kaɗan. A wajenmu duk wanda ya zo da zazzaɓi da ciwon jiki, maleriya ake fara zato. Don haka in mutane da yawa a gida suka kwanta a rana ɗaya bayan an yi aikin tanki, ku fita daga ɗakin, a buɗe tagogi, a tafi asibiti, kuma ki faɗa wa likita da bakinki cewa an taɓa murjani. Dafin ba shi da makari, ana taimaka wa numfashi da sauran gaɓoɓi ne har ya fita, kuma zuwa da wuri yana da muhimmanci.

Saboda haka dutsen tanki ba ya shiga tukunya, ba ya ganin ruwan zafi, ba ya shiga kicin. In za ki goge shi, ki yi a ƙarƙashin ruwa, cikin tankin ko cikin bokitin tsohon ruwansa, da tsohon buroshin haƙori, sanye da doguwar safar hannu da tabarau, yara suna wani ɗakin. In akwai furannin nan a jikinsa, ki kauce musu.

Na biyu ita ce ƙwayar Mycobacterium marinum, dangin ta tarin fuka amma fata take kamawa. Tana shiga ta ɗan yankan wuƙa ko ƙujewar dutse, bayan makonni biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, sai ƙurji ja ya fito a yatsa ko bayan hannu ya ƙi warkewa, har wasu su jeru su hau dantse. Maganin ƙurji na yau da kullum ba ya yi mata, jinyarta watanni take ɗauka, kuma likita ba zai yi tunaninta ba sai an ambaci tanki. Mai ciwon suga, mai ciwon hanta ko wadda garkuwar jikinta ta yi rauni, ta bar wa wani aikin sa hannu a ruwan. Kada a ja ruwan tiyo da baki. A cire filogin kayan wuta kafin a tsoma hannu, ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da na famfo. Bokitin canjin ruwa kuma a zubar da shi nan take, domin yaro mai rarrafe yana iya kifewa cikin ruwan da bai kai rabin bokiti ba.

Game da magunguna, za ki ga ana tallata na kashe jan yauƙi, wasu kuma suna zuba fluconazole, maganin da muke bayarwa na ƙaiƙayin gaba da farin baki, don Bryopsis. Yakan yi aiki, amma abin da ya mutu yana sakin takinsa cikin ruwan, in ba a gyara abinci da ruwa ba wata irin ce za ta gaji wurin. Ba na goyon bayan a buɗe durowar maganin gida a juye wa tanki maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin yana iya taɓa ƙwayoyin kirki da ke narkar da kashin kifi. Duk maganin da ke da tagulla a ciki kuwa yana kashe murjani da dodon koɗi, kuma dutse yana riƙe shi.

Abin da kika tsige, ki ɗaure a leda ki jefa a shara. Ga mazauna bakin teku wannan ba wasa ba ne: wata ciyawar tanki mai suna Caulerpa taxifolia da aka fara gani a gaɓar Monako a 1984 ta bazu zuwa gaɓar ƙasashe da dama na Bahar Rum.

Idan kin gyara ruwa da abinci yau, kada ki sa ran ganin canji ranar Juma'a. Duwatsun sun daɗe suna tsotse fosfet, za su yi ta sakinsa a hankali, don haka wata biyu zuwa uku ba abin mamaki ba ne. Ki tsaya a wuri ɗaya kowace Asabar ki ɗauki hoton tankin da wayarki, ki rubuta sakamakon gwaji a ƙarƙashinsa. Alamar farko ita ce gashin ya fara kodewa daga kore zuwa toka-toka, kuma in kin ja shi ya biyo hannunki ba gardama.